WHENEVER ko duba SQLSTATE da hannu: wanne ya fi?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko a manhajarka ta C mai ɗauke da SQL za ka dogara da WHENEVER, ko ka riƙa duba sakamako da kanka bayan kowane umarni.

WHENEVER SQLERROR GOTO, wadda ke tura manhaja wurin kama kuskure da zarar umarnin SQL ya gaza, tana rage wahala sosai. Layi ɗaya za ka rubuta, sai mai fassara SQL ɗin zuwa C, wato Pro*C na Oracle ko ECPG na PostgreSQL, ya cusa gwajin kuskure a bayan duk umarnin SQL da ke ƙasa da ita. Sai dai jerin layuka a cikin fayil take bi, ba hanyar da manhaja ke bi sa'ad da take aiki ba. In ka sa ta a sashe na sama, na ƙasa ma ya gaje ta, ko ba ka yi nufin haka ba. Abin da ya fi damuna shi ne wurin kama kuskuren kansa: idan ROLLBACK (umarnin soke aikin da aka fara) da ke can ya gaza, manhaja za ta sake faɗawa wurin, ta yi ta kewayawa ba iyaka. Don haka ka sa WHENEVER SQLERROR CONTINUE (wato a ci gaba ko an samu kuskure) kafin ROLLBACK, ka kuma kwafe abin da ke cikin sqlca (ma'ajiyar bayanin kuskure) tun kafin nan, domin ROLLBACK zai shafe shi.

Dubawa da hannu kuwa akwai gajiyarwa, kuma mantuwa ɗaya ta isa kuskure ya wuce shiru. Amma ita ke ba ka damar tantance kuskure ta hanyar SQLSTATE, lambar da ke bayyana sakamakon kowane umarni. A PostgreSQL da DB2, 23505 na nufin mabuɗin (bayanin da ba a yarda ya maimaitu ba) ya riga ya kasance, sai ka sanar da mai amfani. 40001 kuwa na nufin aikin ya ci karo da na wani, maganinta a maimaita aikin tun daga farko. 02000 ba ma kuskure ba ce, layuka ne suka ƙare.

Ka ga SQLSTATE nake ambata, ba SQLCODE ba, tsohuwar lambar da ke bambanta daga wannan kamfani zuwa wancan. Maimaita mabuɗi -803 ne a DB2, -1 a Oracle, tun ƙa'idar SQL-92 ma aka ba da shawarar a bar SQLCODE.

Ni dai a aikin da ya shafi kuɗi ko rajista, WHENEVER nake bari ta tsare kurakuran da ban zata ba. Daidai INSERT ko UPDATE da na san zai iya cin karo da wani, sai in mayar da ita CONTINUE, in duba lambar da kaina, sannan in maido da ita a layi na gaba.