Kwamfutar gida a Birnin Kebbi: ta tebur ko ta cinya, sabuwa ko ta gwanjo?

Tun da JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, na'urar ta tashi daga kayan ofis ta shigo gida. Yaro na son hannunsa ya saba da linzami kafin ranar jarrabawa, ɗalibar kwalejin fasaha ta Waziri Umaru na buga aikin kammala karatu, maigida kuma na lissafin buhunan shinkafarsa a Excel. Ranar da ta ƙi tashi, kowa sai ya ji a jikinsa.

Wuta ce ke raba gardama tsakanin ta tebur da ta cinya. Ta tebur ta fi araha in aka auna ƙarfi da ƙarfi, ga sauƙin canja kayan ciki, amma da an ɗauke wuta ta mutu nan take, ta tafi da duk abin da ba ka adana ba. Sai kana da inbata ko janareta. Ta cinya kuwa da batirinta take yawo, cajarta yawanci wat 45 zuwa 65 ce, ƙaramin sola ma ya riƙe ta. A wutarmu ta Kebbi, ni dai ta cinya zan nuna wa kowa.

Inda ake tafka asara shi ne wajen sabuwa da ta gwanjo. Sabuwa mai arha tana zuwa da kwali da garanti, amma sau da yawa mai raunin ƙwaƙwalwar Intel ce da ake kira Celeron, ga RAM (ma'ajiyar aikin da take yi a lokacin) 4GB kawai, tana tafiyar hawainiya da ka buɗe shafuka biyar. Da kuɗi kusan ɗaya za ka samu ta gwanjo irin wadda kamfanonin Turai da Amurka suka yi aiki da ita suka sallama: ThinkPad ta Lenovo, Latitude ta Dell ko EliteBook ta HP. Sun fi ƙwari nesa ba kusa ba.

Sai dai a kula da shekaru. Microsoft ta janye tallafin Windows 10, wato sabuntawar da ta saba aika mata, ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma a hukumance daga Intel zubi na takwas take farawa. Mai shago zai ce maka, "Alhaji, Core i7 ce fa!" Kar ka tsaya nan, dubi lambar da ke bayan ɗan layin. i5-8250U ta takwas ce, i7-3520M ta uku ce, tun ta 2012, kuma waccan i5 ɗin ta fi ta gudu. Nemi RAM 8GB da ma'ajiyar SSD, ba tsohon faifai mai juyawa ba.

Kafin ka biya, a zare caja a gabanka. Sa a rubuta powercfg /batteryreport, za ka ga abin da batirin ke ɗauka yana sabo da abin da ya rage masa yau. Taɓa kowane maɓalli, tabbatar ba a kulle BIOS, wato saitin da ke tashi kafin Windows, da kalmar sirri ba, sannan kasa kunne wajen fanka. Wadda ke huci a shago mai sanyi ba za ta kai labari a Afrilu ba, lokacin da zafi ke haura digiri 40, balle ƙurar hunturu ta toshe mata iska.

Samfurin da ya yawaita yana da wata riba: taimako a intanet. Lenovo da Dell da HP suna sakin littafin gyaran waɗannan injuna kyauta, a YouTube kuma akwai mai kwance irin taka sukuru bayan sukuru, batiri ko allo ba ya wuya daga Kano ko Legas. In za ka yi tambaya, "kwamfutata ta ƙi yi" ba ya kawo amsa. Rubuta lambar samfurin da ke ƙasanta, ka ɗauki hoton saƙon da ta nuna da wayarka.

Wanda ba ka sani ba kuwa, in ya ce ka sauke AnyDesk ya gyara maka daga nesa, duk abin da ke allonka zai gani, har shafin bankinka in a buɗe yake. Irin wannan aikin a kai wa mai gyaran da ka san shagonsa, bayan ka kwafe takardunka a filashi.