Damagaram, Katsina ko Kano: wane gidan tarihi ya kamata mutumin Maraɗi ya fara zuwa?

Magidancin da ke son ya kai iyalinsa su ga tsohon gida mai tarihi, ko malamin da ya tara ɗalibai da ɗan kuɗin mota, idan daga Maraɗi zai tashi, garuruwa uku ne a gabansa: Damagaram ta gabas, Katsina da Kano ta kudu. Yamai ba ta cikin wannan lissafi. Gidan tarihi na Bubu Hama da aka kafa a 1959 wuri ne babba, da namun daji da ƙasusuwan dabbobin zamanin da, da kututturen bishiyar Tenere, amma rumfuna ne da aka gina musamman don nuna kaya, ga tafiyar fiye da kilomita 600. Agadas kuwa, duk da tsohon garinta ya shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 2013, tafiya ce ta daban da ke son nata shiri.

Abin da ya kamata mutum ya rarrabe tun kafin ya sayi tikiti shi ne, gidajen nan iri biyu ne. Akwai gidan da masu shi suka tashi, hukuma ta karɓa, ta jera kaya a ɗakuna, ta sa mai karɓar kuɗin ƙofa. Nan za ka biya, ka shiga, ka yi tambaya son ranka. Akwai kuma gidan da har yau sarki na ciki, ana fadanci, ana sulhu tsakanin mutane, iyali na zaune. Nan kai baƙo ne, inda aka tsayar da kai nan za ka tsaya. Wanda ya je na biyun da tunanin na farkon zai dawo yana ƙorafin an hana shi shiga, alhali gidan mutane ya je.

Fadar Sarkin Damagaram irin ta biyun ce, kuma a ganina ita ta fi dacewa da tafiyar farko, musamman idan da mata da yara. Kilomita wajen 240 ne a kan babbar hanyar da ta bi ta Tasawa, babu iyaka, babu canjin kuɗi, sefar da ke aljihunka ita za ka kashe. Fadar tana cikin unguwar Birni, ginin ƙasa ne na tsakiyar ƙarni na 19, kuma da sunan Sarki Tanimun ake haɗa shi, wanda ya kewaye garin da ganuwa, ya sa maƙeransa suka ƙera manyan bindigogi, ya rasu a 1884. Dogarai ne a bakin ƙofa cikin ja da kore, su ake wa sallama, su ke kai baƙo zauruka da sorayen da aka yarda a gani. Kada ka sa ran kaya a cikin gilashi da takarda liƙe a ƙasa. Ginin ne abin kallo: kaurin bango, yadda aka ɗaure rufi da azara, sanyin da ke cikin soro ko da rana ta take.

Kuma ba a fadar kaɗai kallon yake ba. Unguwar Birni kanta, da lungunanta da manyan duwatsun da gidaje suka jingina da su, da zanen da magina suka yi wa fuskar gidaje aka shafa masa launi, ta isa ta cinye maka yini. A garin nan aka kashe Kyaftin Kazmaju na Faransa a 1898, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, kuma garin ne babban birnin Nijar a mulkin mallaka kafin a mayar da shi Yamai a 1926. Ga mu 'yan Maraɗi akwai wata alaƙa da ta fi waɗannan kusa da zuciya: lokacin da gidan sarautar Katsina ya watse bayan jihadi, ƙasar Damagaram ce ta ba Ɗan Kasawa, ɗan wannan gida, mafaka na shekaru, daga can ya zo ya zauna Maraɗi wajen 1819. Yaron da ya saba wucewa ta filin da ke ɗauke da sunan Ɗan Kasawa a ƙofar fadarmu ya kamata ya san inda mutumin ya fake kafin ya iso.

Raunin Damagaram ɗaya ne, ba ka da tabbacin abin da za a buɗe maka. Idan sarki na da baƙi ko ana zaman fada, sai haƙuri.

Katsina ta fi kowace kusa, ba ta kai kilomita 100 ba ta Ɗan Isa da Jibiya. Gidan tarihinta ba gidan attajiri ko basarake ba ne, tsohuwar Kwalejin Katsina ce da aka buɗe a 1922, ginin ƙasa da Turawan Ingila suka sa maginan gari suka yi. A azuzuwan nan Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, kafin makarantar ta koma Kaduna a 1938, daga baya Zariya, inda ta zama Kwalejin Barewa. Saboda haka ga ɗaliban sakandare da na jami'a, waɗanda suka fara tambayar yadda boko ya shigo ƙasar Hausa da dalilin da ya sa na wancan gefe suke Ingilishi mu muke Faransanci, nan ne wurin zuwa. Daga nan a wuce Hasumiyar Gobarau, a tsaya a ƙofar Gidan Korau, fadar Sarkin Katsina. Sarkinmu har yau Sarkin Katsinan Maraɗi ake ce masa, kuma tsayuwa a gaban gidan da kakanninsa suka bari a 1807 tana koya wa yaro ma'anar wannan suna fiye da duk bayanin da za a yi masa a aji. Amma ƙananan yara za su gaji da wuri, don abin karantawa ya fi abin kallo yawa.

Wanda kuwa ainihin tsohon gidan sarauta da aka mayar gidan adana kayan tarihi yake nema, babu kamar Gidan Makama a Kano. An gina shi a ƙarni na 15, kuma tarihin Kano ya ce Muhammadu Rumfa ya zauna a cikinsa kafin ya hau sarauta a 1463, ya gina fadar da ake kira Gidan Rumfa, wadda ke kusa da shi. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903 sun yi amfani da gidan wajen aikin mulki. Yanzu ɗakuna 11 ne a jere, daga zaure kana shiga ɗaki yana miƙa ka ga ɗaki: labarin ganuwa da ƙofofinta, tsofaffin ƙyamaren gari, kayan yaƙi, kayan kiɗa, sana'o'i, hotunan zuwan Turawa, har da ɗakin amarya da jerenta. A nan ne kaɗai cikin ukun nan za ka samu tsohon gidan sarauta da kaya duka a wuri guda, kuma ba mai ce maka tsaya nan. Idan lokaci ya rage, akwai Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer ya zauna, Baturen da ya buɗe makarantar boko a Nasarawar Kano a 1909, ga marinar Ƙofar Mata, ga kasuwar Kurmi. Sai dai Kano ba tafiyar je-ka-dawo ba ce, dole a kwana, kuma masauki da abinci da adaidaita a cikin gari su ne za su ci kuɗin.

Dama a dukansu kuɗin ƙofa ƙarami ne idan aka gwada da na mota. Abin da zai raba maka gardama tsakanin gabas da kudu shi ne hanya. Iyakar ta sha rufewa da buɗewa a 'yan shekarun nan, an rufe ta a 2023, aka buɗe a 2024, kuma yankin Jibiya ya yi fama da 'yan bindiga. Kada ka yanke shawara da labarin watan jiya. Je tasha ka tambayi direbobin da suka dawo ranar, ka riƙe katin ɗan ƙasa na kowane babba da takardun yara, ka yi canjin naira tun a gida wurin wanda ka sani, kuma komai ya faru kada dare ya same ku a hanya. Malamin da zai ɗauki 'ya'yan mutane ya samu yardar iyaye a rubuce. Idan zuciyarsa ba ta kwanta ba, ya juya gabas.

Duk inda ka zaɓa, nemi mai bayani, kuma ka ce da Hausa kake so. Rubutun da ke jikin kaya a Kano da Katsina galibi Ingilishi ne, yawancinmu ba zai amfane mu ba, kuma dattijon ma'aikaci ko dogarin da ya daɗe a gida yana da labarin da ba a rubuta ba. A ware masa tukwici tun daga gida, cikin kasafin tafiya. A tambaya kafin a ɗaga waya a ɗauki hoto, a hana yara taɓa bango da zane, don ginin ƙasa hannu na cin sa. A fada kuwa a tuɓe takalmi inda aka ga mutane na tuɓewa, mata su yi lulluɓi, maza su sa hula.

Lokacin sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ya fi daɗin yawo. Ranar Juma'a da kwanakin hawan salla a bar su ga mai son kallon dawaki, don ba wanda zai samu sukunin zagayawa da kai. Kafin ranar tafiya kuma, a kai yaran ƙofar fadar Maraɗi a tsohon gari, wadda aka dawo da ita kan tudu bayan ambaliyar 1945, sannan a ɗan leƙa Tsibirin Gobir da ke nan kusa, kabu-kabu ma na kaiwa. Su koyi gaida dogari da zama a zaure, su ji sunan tsofaffin sarakunan Maraɗi, Ɗan Kasawa da Ɗan Baskore, daga bakin mutanen fada, don idan mai bayani a Damagaram ko Katsina ya ambace su, su gane wa ake nufi.