Littafin The Hunger Games da fim ɗinsa: wanne za a fara ba yarinya?

Hajiya, kin ce 'yarki ta gama BECE tana zaune a gida, ƙawayenta na Nima sun dame ta da zancen fim ɗin The Hunger Games, kina tambaya ko ya isa ko sai an sayi littafin. Ni dai littafin zan fara ba ta.

Suzanne Collins ta fitar da shi a 2008, Gary Ross ya mayar da shi fim a 2012. A ƙasar Panem ta cikin labarin, masu mulki a babban birnin Capitol na tilasta wa gundumomi 12 kowace ta ba da namiji da mace 'yan shekara 12 zuwa 18, yara 24 ke nan, su yi ta kashe juna ana nunawa a talabijin har ɗaya ya rage. Katniss, 'yar shekara 16, ta miƙa kanta a madadin ƙanwarta Prim.

A littafi Katniss ce ke ba da labarin da bakinta, shi ya sa yunwarta ke kama mai karatu. Akwai inda take tuna bayan rasuwar babanta a ramin gawayi, tana shekara 11, tana buɗe kwandunan shara cikin ruwan sama ba ta samu komai ba. Peeta, ɗan mai gidan burodi wanda daga baya shi ne namijin da gundumarsu ta bayar tare da ita, ya ƙona burodi, uwarsa ta buge shi, ya fito ya jefa mata. Fim ya nuna wannan a gutsuttsure, wanda bai karanta ba da ƙyar zai gane nauyin bashin da take jin yana kanta. Haka maganar soyayyarsu: a littafi kina jin lissafinta, ta gane duk sumbar da ta yi masa a gaban kyamara tana iya jawo musu tukunyar romo daga masu tallafi, wato 'yan kallo masu aika wa yaran kyauta. Jennifer Lawrence, wadda ta fito a matsayin Katniss, ta yi ƙoƙari ƙwarai, amma fuska ba ta faɗin wannan duka.

Fim ya kuma sassauta. A littafi an yanke wa Peeta ƙafa, a fim ya koma gida da ƙafafunsa biyu.

Inda fim ya yi fice kuwa shi ne abin da Katniss ba ta iya gani: ɗakin da Seneca Crane, shugaban masu shirya gasar, da mutanensa ke danna na'ura su tayar da gobara, da Shugaba Snow cikin lambun furanninsa yana magana a hankali. Donald Sutherland, wanda ya fito a matsayin Snow, ya ba ni tsoro a nan. Bayan mutuwar ƙaramar yarinya Rue, fim ya nuna bore a gundumarsu, Gunduma ta 11. A littafi burodi ɗaya talakawan gundumar suka haɗa kuɗi suka aika wa Katniss, kuma wallahi wannan ya fi taɓa ni.

Ki sani yara ne ke kashe yara a duka biyun. A Amurka an sa wa fim ɗin alamar PG-13, wato gargaɗi ga iyayen yara 'yan ƙasa da shekara 13, kyamara na kaucewa jini, amma ki zauna ku kalla tare bayan ta gama karatun. Turancin littafin mai sauƙi ne, jimloli gajeru, zai taimaka mata kafin ta shiga SHS, wato babbar sakandare. In ta nemi ƙari, na biyu shi ne Catching Fire, na 2009.