Sharhi kan sashen masu ciwon kansa na wani asibitin gwamnati a Yamai

Sashen da nake magana a kansa yana cikin wani asibitin gwamnati a Yamai, inda na yi jinyar gwaggona bayan an turo ta daga Tawa saboda kullutun da aka gano a mamanta. A ganina ma'aikatan sun san aikinsu, amma yadda ake ba da rana da yadda ake sanar da sakamako yana cinye wa mara lafiya lokacin da ba shi da shi.

Jira mafi tsawo yana zuwa ne tun kafin a ambaci magani. Likita ba ya fara ba da maganin kansa sai an yanki ɗan nama daga kullutun an kai ɗakin bincike, inda ake jiƙa shi a ruwan magani, a daskarar da shi, a yanka shi siriri, sannan ƙwararre ya duba ya faɗi irin ciwon. Masu wannan ƙwarewa kaɗan ne a Nijar, saboda haka ban yi mamakin jinkirin ba, kuma ban ɗora laifinsa a kan kowa ba. Abin da ban gamsu da shi ba shi ne, an karɓi lambar wayarmu an rubuta a takarda, amma ba a taɓa kira ba, kuma babu wanda ya iya cewa ga ranar da za mu dawo. Kowace safiya sai mu tarar da mutane a kan benci da tabarmi, da dama daga cikinsu tambaya kawai ta kawo su. Wata ma'aikaciyar jinya, wadda ba zan manta da ladabinta ba, takan rusuna ta ce wa gwaggo: "Inna, ku yi haƙuri, sakamako bai fito ba tukuna, ku sake leƙowa." Maganar tana sanyaya rai, sai dai ba ta gaya wa mutum ko ya koma gida ko ya zauna.

Ga mazaunin Yamai wannan kuɗin taksi ne kawai. Ga wanda ya taso daga Tawa, ya bi ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Dosso, tafiyar kusan kilomita 550, rashin sanin rana yana nufin zama a gidan dangi har nauyi ya fara kama shi, da sayar da tunkiya don abinci, da barin gona ko shago babu mai kula. Na ga waɗanda guzurinsu ya ƙare suka koma ƙauye wajen mai maganin gargajiya, kuma ba na jin ƙin asibiti ne ya mayar da su.

Da aka fara ƙarin ruwan maganin, wanda kowa a can yake kira shimiyo, abubuwa sun daidaita ƙwarai. Ana yin sa bayan kowane mako uku, ana auna jini kafin kowane zagaye, kuma idan ƙwayoyin jini sun yi ƙasa a ɗage, wanda ɗagewa ce mai dalili da likita ya bayyana mana dalla-dalla. Ɗakin yana da tsabta, ba a tsallake layi a gabana ba. Matsala ɗaya ita ce ranar da wani magani ya yanke aka rubuta mana takarda mu nemo a farmasi na waje. Tun 2007 gwamnati ta ayyana kula da kansar mata kyauta, kuma a 2024 an rage kuɗin asibitocin gwamnati da rabi, amma dokar ba ta biyan mai farmasi, aljihun iyali ne yake biya.

Likitan ya kuma shaida mana cewa bayan tiyata za a buƙaci maganin haske, wato haska wurin ciwon da na'ura don kashe ƙwayoyin kansa, wanda ake yi kullum daga Litinin zuwa Jumma'a na tsawon makonni. Kafin 2021, lokacin da aka buɗe sashen wannan magani a Cibiyar Yaƙi da Kansa ta Ƙasa a Yamai da taimakon Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, sai an fita ƙasar waje, abin da talaka ba ya ko mafarkinsa. Wannan ci gaba ne na gaske, ko da yake har yanzu mutumin Tawa sai ya tare a Yamai kafin ya amfana.

Ina ba da shawarar wannan sashe, amma da shiri. A riƙe kowace takarda da hoton gwaji a jaka ɗaya, a nemi likita ya rubuta mataki na gaba tun kafin a bar ofishinsa, kuma a wakilta wani ɗan'uwa mazaunin Yamai ya riƙa zuwa tambayar sakamako, don kada a riƙa jan mara lafiya a kan doguwar hanya a banza. Su kuma masu tafiyar da sashen, da za su ware ma'aikaci ɗaya da waya ɗaya don kiran iyalai, da rabin masu zaman bencin nan ba su zo ba.