Kwalin littattafan Dune guda uku: labari ya yi, bugu ya ɓata

Kwalin yana da kyau a ido, wannan ba zan hana shi ba. Littattafai uku ne a ciki masu bangon takarda, an naɗe su da leda: Dune na 1965, Dune Messiah na 1969, da Children of Dune na 1976, wato ukun farko cikin shidan da Frank Herbert ya rubuta kafin rasuwarsa a 1986. Saƙon ya iso a kan lokaci, kwalin bai lotse ba. Iyakar yabon da mai sayarwa zai samu daga wurina ke nan.

Ɓarnar tana cikin littafi na farko. Daga shafi na 288 sai lamba ta koma 257, ta sake hawa har 288, sannan ta tsallaka zuwa 321. Shafuka 32 sun zo sau biyu, wasu 32 kuma babu su sam. Kuma giɓin bai tashi faɗowa ko'ina ba sai a daren da aka kai wa gidan Atreides hari a birnin Arrakeen, daren da marubucin ya kwashe kusan shafi ɗari uku yana share wa fage. An kashe garkuwar fada, maƙiya sun kutso, numfashin mai karatu ya tsaya, sai ka juya shafi ka ga ka koma abin da ka riga ka karanta. Ka wuce shi, sai ga Paul, jarumin labarin kuma ɗan gidan Atreides, da mahaifiyarsa Jessica a cikin tanti a tsakiyar hamada. Yadda suka kuɓuta, wa ya mutu, wa ya tsira, sai dai ka riƙa tsinta a bakin wasu can gaba. Wallahi abin ya ƙona min rai, domin wannan ne wurin da littafin yake biyan mai karatu haƙurin da ya yi.

Ga wanda bai san yadda hakan ke faruwa ba: ba shafi ɗaya-ɗaya ake buga littafi ba. Ana buga shafuka 16 ko 32 a kan babbar takarda guda, a ninke ta ta zama ƙunshi ɗaya, sannan inji ya jera ƙunsoshin bi da bi. Idan aka zuba ƙunshi na tara a gurbin na goma, to na tara zai fito sau biyu, na goma ya ɓace, kaurin littafin kuma bai canza ba ko kaɗan. Shi ya sa ba a gane shi da ɗagawa ko da kallon gefe. Maɗaba'ar kirki tana buga ɗan baƙin tabo a bayan kowane ƙunshi, yadda in an jera su daidai tabon zai sauko kamar matakala, duk wanda ya karya layi a cire shi kafin a shafa gam. A nan babu wanda ya duba.

Na aika wa mai sayarwa hotunan shafukan, lambobi a fili. Amsarsa ita ce an riga an yage leda, don haka ba a mayarwa. To ta yaya mutum zai san shafi ya ɓace a cikin littafin da ke rufe a leda? Na maimaita tambayar, aka maimaita min amsar. Daga nan shiru.

Duk da haka na so in yi wa kwalin sassauci, saboda labarin kansa ba a cewa komai. Herbert ya fara tunaninsa ne a 1957, lokacin da ya je rubuta rahoto kan yadda ake dasa ciyawa don tsayar da tudun yashi a gaɓar Oregon ta Amurka, kuma wannan sanin ƙasa yana nan a kowane babi. Duniyar Arrakis, inda labarin ke gudana, ba ta da ruwan sama, amma ita kaɗai ke fitar da melange, sinadarin da tafiye-tafiyen sararin samaniya suka dogara a kansa. Mutanen hamada, Fremen, suna sanye da rigar da ke tace gumi da fitsari ta mayar da su ruwan sha. Suna tafiya a kan yashi da taku marar tsari don kada ƙatuwar tsutsar da ke ƙarƙashi ta ji motsi mai maimaituwa ta taso. Tofa yawu a gaban mutum girmamawa ce a wurinsu, tunda ruwan jikinka ka ba shi. Babu wani abu a nan da aka saka don ado kawai. Kowace al'ada ƙishirwa ce ta haife ta. Kamfanonin ɗab'i sama da ashirin ne suka ƙi littafin kafin Chilton, wanda aka fi sani da littattafan gyaran mota, ya karɓa, daga baya kuma littafin ya ci kyautar adabi ta Nebula ta farko da aka taɓa bayarwa ga dogon labari, ya kuma raba kyautar Hugo ta 1966 da wani littafi. Saboda haka na ce a raina, kuskuren ƙunshi ɗaya tsautsayi ne, zan nemi shafukan a wani wuri, in ba kwalin tauraro huɗu cikin biyar.

Sai na juya ƙarshen littafin neman ma'anar wata kalma, na tarar babu ƙamus.

Wannan ya fi ɓacewar shafukan muni a wurina, domin shi ba tsautsayi ba ne, da gangan aka yi don a rage takarda. Cikakken Dune yana da rataye huɗu a bayansa, a kan muhallin Arrakis, da addininta, da manufofin ƙungiyar mata ta Bene Gesserit, da taƙaitaccen tarihin manyan gidajen sarauta. Bayansu akwai ƙamus na kalmomin daular, sannan bayanin taswira. A wannan bugu labari na ƙarewa sai farar takarda biyu, sai bango. Herbert ba ya tsayawa ya yi bayani. Tun a babi biyun farko zai jefo maka gom jabbar da Kwisatz Haderach da Mentat ya wuce abinsa, ya bar ka da ƙamus. Wanda ya taɓa karantawa zai iya lallaɓawa. Sabon mai karatu kuwa, wanda fina-finan 2021 da 2024 suka jawo, shi ne zai ajiye littafin tun kafin shafi na hamsin yana cewa ya yi masa nauyi, alhali tsani aka janye masa. Taswirar tana nan, amma ta dushe, sunayen wurare sun cakuɗe da baƙin tawada, tsakiyarta kuma gam ya cinye.

Daga nan ne na duba aikin da kyau, alamomin bugun satar fasaha suka fito ɗaya bayan ɗaya. Haruffa ba su da kaifi, gefensu ya yi gashi-gashi, akwai ɗige-ɗigen baƙi a wuraren da ya kamata su zama fari fat, alamar hoton wani littafi aka ɗauka aka sake bugawa. Filin da ke tsakanin rubutu da gam bai kai santimita ɗaya ba, sai ka danne littafin kafin ka ga ƙarshen layi. An kuma yanka takardar a karkace da zarenta: ya kamata zaren takarda ya bi tsawon bayan littafi, idan ya gitta sai shafuka su riƙa turjewa suna kumbura. Haɗa wannan da gam mai zafi mai araha, wanda ke bushewa ya yi tauri, sai bayan littafin ya tsage. Na farkon ya riga ya tsage a tsakiya, shafuka sun fara zamewa. Kada lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, da ke bango ta ruɗe ku, ita ma kwafarta ake yi tare da bangon.

Na biyu da na uku shafukansu sun cika, na bi lambobin. Dune Messiah gajere ne, shekara goma sha biyu bayan na farko, yaƙi kaɗan ne, makirci da nadama sun fi yawa, kuma shi ne ke nuna abin da Herbert yake nufi da haɗarin bin gwarzo ido rufe. Children of Dune ya fi shi kauri, gam ɗinsa kuma iri ɗaya ne da na farko.

Wanda ya riga ya sayi irin wannan kwali, ya aza bayan littafin a kan tebur, ya riƙa buɗe shafi goma daga gaba, goma daga baya, yana shafawa a hankali har ya kai tsakiya, kafin ya fara karatu. Shafin da ya zame a mayar da shi da farin gam na takarda, siriri a bakinsa, a danne da abu mai nauyi ya kwana. Salatif yana rawaya ya ci takarda, a bar shi. Wanda bai saya ba kuma ya nemi a nuna masa shafukan ƙarshe na littafin farko, in babu ƙamus ya wuce. In akwai, ya bi lambobin shafi a kowane 16, tunda a nan ƙunshi ke haɗuwa da ƙunshi.

Labarin tauraro biyar ne. Wannan kwali na so in ba shi biyu albarkacin littattafai biyun da suka cika, amma da na tuna amsar leda, ɗaya ya ishe shi.