RNAlater a zafin Maraɗi: abin da na gani a ganyen hatsi

Damina biyu ke nan ina amfani da ruwan RNAlater wajen adana ganyen hatsi, wato gero, da nake tsinkowa a gonakin gwaji na kewayen Maraɗi, kuma tun da ɗalibai suna yawan tambayata ko ya cancanci kuɗinsa, na ga ya dace in rubuta abin da idona ya gani. Aikina shi ne bin diddigin yadda tsiron hatsi yake sarrafa RNA ɗinsa idan zafi ya matsa masa, musamman a kwanakin farko bayan shuka, lokacin da rairayin gona kan wuce digiri 50 da tsakar rana, har tsiro ya ƙone tun bai yi ganye uku ba.

Wanda bai taɓa wannan aiki ba zai yi mamakin a ce adana ganye abu ne mai wuya. Dalilin shi ne RNA, wanda masu karatun Faransanci ke kira ARN, saƙo ne na ɗan lokaci da ƙwayar halitta ke kwafowa daga DNA domin a ƙera furotin, kuma da zarar an biya buƙata sai ta rushe shi. Masu rushe shin, sinadaran da ake kira RNase, suna cikin ganyen, suna kan yatsun mai tsinkar ganyen, kuma wasunsu ko tafasa su aka yi ba sa mutuwa. Hanyar da aka fi yarda da ita ita ce a jefa ganye nan take cikin ruwan naitirojin, wanda a labo, wato ɗakin gwaji, muke ce wa azot, mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri, sannan a kai shi firijin da ke riƙe digiri 80 ƙasa da sifiri. A nan kuwa azot daga nesa ake kawo shi, yana ƙafewa a hanya, firijin kuma yana jiran kuran, wato wutar lantarki, da ba kullum take nan ba.

Wannan giɓin ne RNAlater ya zo cikewa. Ruwa ne garau kamar na sha, amma cike yake da gishiri, mafi yawansa amoniyom salfet, wanda yake ratsa nama ko ganye ya daskarar da furotin, har da su RNase ɗin, su daina aiki. Kamfanin Ambion na jihar Tekzas a Amurka ne ya fara fito da shi, yanzu kuma Thermo Fisher ke sayar da shi. Takardar da ke tare da shi ta ce a yanka samfur kada kaurinsa ya wuce rabin santimita, a nutsar da shi cikin ruwan da ya ninka shi aƙalla sau 5, kuma RNA zai tsira kwana 1 a digiri 37, mako 1 a digiri 25, wata 1 a digiri 4, ya daɗe ƙwarai a digiri 20 ƙasa da sifiri.

A cikin wannan iyaka, gaskiya ruwan ya cika alkawarinsa. Ganyen da na tsinka da sassafe a wajen Jiratawa, na yayyanka shi sirara da reza sabuwa, na tura shi cikin ƴar kwalbar roba, ya kwana a firiji, ya ba ni RNA mai kyau. A kan jel, wato abin da ake baje RNA a kansa don a duba lafiyarsa, layukan manyan RNA biyu da ake kira 25S da 18S sun fito ɓaro-ɓaro, na sama ya fi na ƙasa haske, babu jan wutsiyar nan da ke nuna lalacewa, ma'aunin tsabta na 260 kan 280 kuma ya tsaya kusa da 2, kamar yadda ake so. Wanda ya taɓa yin wuni guda a gona ya dawo ya tarar da hazo kawai a kan jel, shi ya san daɗin ganin waɗannan layuka. Sannan RNAlater ba ya ƙona hannu kamar azot, ba ya buƙatar tulun ƙarfe mai nauyi, ana iya sa shi a jaka a hau babur.

Sai dai a lura, jadawalin takardar ya tsaya a digiri 37, mu kuwa a Afrilu da Mayu inuwa ma kan haura 40. Wato inda lissafinsu ya ƙare, nan bazararmu take farawa. Na koyi wannan ne da ganganci irin nawa, ranar da na bar kwalaben cikin mota a rufe na tafi sallar Azahar da cin abinci, abin da na samu daga baya bai kai a ɗora bincike a kansa ba. Wani dattijo mai gadin gonar ne ya ba ni mafita. Ya dube ni ina ta neman ƙanƙara ya ce, "Malam, ga randa nan, me ya sa ba za ka sa ta aiki ba?" Na ce, "Baba, ai ban yi tunaninta ba." Muka sa ƙaramar tukunya cikin babba, muka cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, muka rufe da tsumma mai laima, irin dabarar da Muhammad Bah Abba ya yaɗa a Jigawa. A busasshiyar iskar bazara tukunyar tana sanyaya kwalaben sosai har a dawo gari, amma da damina ta kankama iska ta yi laima, amfaninta yakan ragu.

Abin da ya fi damuna ba wannan ba ne, batun lokaci ne, kuma ya shafi masu nazarin yadda ƙwayar halitta ke amsa matsi fiye da kowa. Tun 1962 da Ferruccio Ritossa ya lura a Italiya cewa wasu sassan kromosom, wato zaren da ke ɗauke da DNA, na ƙudan ƴaƴan itace suna kumbura idan an ƙara musu zafi, aka gane cewa wannan amsa mai sauri ce. Saƙon furotin irin su Hsp70, waɗanda ke taimaka wa sauran furotin su riƙe siffarsu, yakan fara hauhawa cikin mintuna kaɗan. Azot yana tsayar da komai cikin daƙiƙu, amma RNAlater sai ya ratsa, ganyen hatsi kuma yana da kakin da ke korar ruwa, yana da iska a ciki, shi ya sa yake yawo a saman kwalba maimakon ya nutse. Takardar kanta ta yi gargaɗi a kan ganye mai kaki. To kafin gishirin ya kai ciki, ƙwayoyin suna raye, ga raunin reza, ga gishiri mai tsanani, dukansu matsi ne sabo. Ke nan mai bincike yana iya auna amsar da shi kansa ya haddasa, ya ɗauka ta rana ce.

Maganin da na samu shi ne in yanka ganyen siriri kamar zare, in danna shi ƙasa da tsinken roba mai tsabta, in kiyaye lokaci ɗaya tak ga kowane samfur, kuma kada in taɓa kwatanta abin da aka adana a wannan ruwa da abin da aka daskarar a azot cikin gwaji guda. Idan bambancin da ake nema babba ne, kamar tsakanin irin da ke jure zafi da wanda ba ya jurewa, wannan ya wadatar. Idan kuwa ana bin abin da ke sauyawa daga minti zuwa minti ne, ban ba da shawarar a dogara da shi ba.

Akwai ƙananan abubuwa da ya kamata mai saye ya sani. Kada a kai samfur cikin daskarewa nan take, a bar shi ya kwana a digiri 4 tukuna. A tsane ganyen da takarda mai tsabta kafin a niƙa, domin ragowar gishiri yana hana aikin cire RNA tafiya daidai. Idan gishiri ya taru a gindin kwalba, a ɗumama ta zuwa digiri 37 a girgiza, zai narke. Masu neman ƙananan RNA ɗin nan na microRNA, waɗanda gano su ya ba Victor Ambros da Gary Ruvkun lambar Nobel a 2024, su sani ruwan yana adana su, amma yawancin matatan da ake cire RNA da su suna zubar da duk RNA da tsawonsa bai kai tubali 200 ba, saboda haka asarar a can take faruwa.

Tsada kam yana da ita, kuma samunsa sai da haƙuri. Wani dillali da na yi oda ta hannunsa ya riƙe ni wata da watanni, kayan suka iso bayan hatsi ya riga ya fitar da kai. Sa'ar dai ita ce kwalbar da ba a buɗe ba ba ta buƙatar firiji, don haka bana tun a watan Janairu na sayi ta damina mai zuwa, tana nan cikin kabad ɗin labo, randar kuma tana wurin Baba mai gadi.