Kangon Turawa da Ya Sa Na Ji Kunyar Surame

Jama'ar gida, ku bar zancen sanyin Ingila, yau wani abu ne ya ci mini rai.

Makon jiya makarantar su ɗiyata ta kai yara ziyara Kenilworth, wani tsohon gidan sarauta kusa da Coventry inda muke zaune. Aka nemi iyayen da za su taya malamai kula da yara, uwarta ta rubuta sunana ba ta ko shawarce ni ba. Takardu kuwa har sun gundure ni: me yarinya ke ci, me ba ta ci, wa za a kira in ta faɗi. Tafiyar da ba ta kai daga Sakkwato zuwa Bodinga ba!

Da muka isa sai na ga ashe kango ne. Jan dutse, babu rufi, iska na kaɗawa ta ko'ina. A raina na ce, wannan ne aka hana ni barcin safe dominsa? Amma ƙungiyar English Heritage da ke riƙe da wurin ta san ta kan yara. An fito musu da sulke da kwalkwali, kowa ya ɗaga ya ji nauyi. Ɗiyata ta kifa kwalkwali ya rufe mata ido, tana ta lalube, yara na dariya. Aka nuna musu kaurin ganuwa, da inda aka datse ruwa ya zama tafki don kada abokan gaba su matso, aka ba su labarin yadda Sarki Henry na Uku ya kewaye gidan har wata shida a 1266 kafin yunwa da ciwo su sa na ciki su miƙa wuya. Hatta salgar mutanen da, rami ne cikin bango, sai da aka nuna musu, kuma nan suka fi daɗewa.

Muna cin abincin rana, burodi mai sanyi kamar an ciro shi daga randa, ga shayin da kuɗinsa zai saya maka fura da nono na kwanaki, sai malamarsu ta ce ai sun karanta tarihin masarautar Benin a aji. Ta tambaye ni ko mu ma a Arewa muna da irin waɗannan gine-gine. Na gyara zama. Na ce muna da Surame, birnin Muhammadu Kanta na Kabi, tun ƙarni na 16, ganuwarsa ta dutse ce, a ƙasar Binji. Na kawo Alkalawa, babban birnin Gobir da ya faɗi a 1808, na kawo Degel da Gudu na tarihin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Sai ta ce, "To yaya Suramen take, ka ba yaran labarin ranar da makarantarku ta kai ku."

Wallahi bakina ya mutu. Ni da aka haifa a Kofar Marke cikin Sakkwato, na yi firamare da sakandare a garin, ban taɓa taka Surame ba. Ɗiyata ta zuba mini ido tana jira. Na ce mata a Hausance, "Ci abincinki."

Tun daga ranar abin ke cina. Hubbare, inda kabarin Shehu yake, muna zuwa, amma addu'a ke kai mu, ba wanda ya taɓa tsayar da mu muna yara ya ce ga yadda mutanen Shehu suke gini, ga abin da suke ci. Ƙofofin gari mun mayar da su sunan tashar kabu-kabu. Tambayi yaro ina ganuwar da Ƙofar Rini ko ta Taramniya ke jikinta, zai ɗauka wasa kake. Gidan tarihi na Waziri Junaidu yana nan cikin gari, sau nawa muka wuce ta gabansa? Tarihinmu mun iya shi a baki, a wajen ɗaurin aure da gardamar majalisa, kowa jikan wani ne. Amma a haɗa kuɗin mota a kai yara su taɓa dutsen da hannunsu, sai a ce ɓata lokacin karatu ne. Kuma na san yanzu batun tsaron hanya ma ya shigo ciki.

Yaya, kai da ke da abokai a Binji, don Allah bincika mini ko hanyar na biyuwa. In Allah Ya kai mu hutun Disamba da yarinyar zan zo, har yau ba ta bar tambayata ba.